Neman shawara: yarana sun mayar da ruwan jarka abin wasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Kurna nake, nan Kano, famfonmu ya daɗe bai ɗiga ba, sai abin da mai ga-ruwa ya turo a kura. Yarana biyu, mai shekara 6 da mai 4, rabin buta suke ƙararwa a wanke hannu, wajen wanka kuma watsa wa juna suke. Na yi faɗa har na gaji, duka kuma ba na so. Ya zan yi su gane?

Maman Sadik: 'Yar uwa, yaro bai san tsada ba, nauyi ya sani. Da safe ki cika wa kowannensu robar lemo, ki ɗaura mata zare mai launi don kar a yi rigima, ki ce ita ce ta wanke hannu da fuska har magariba. Wanda ya ƙarar da tasa tun azahar, kar ki ce masa komai. Ki miƙa masa ƙaramin galan ku tafi tuƙa-tuƙa, ya bi layi, ya tuƙa da hannunsa, ya ɗauko. Amma ruwan sha ba ya cikin lissafin nan, balle da zafin Afrilu.

Malam Abu Hanan: Hajiya, ki haɗa da alwala. Hadisin Anas na Bukhari da Muslim ya nuna Annabi (SAW) yana alwala da mudu guda, wanka da sa'i. Mudun nan bai kai lita ba. Ki auna musu a kofi, ku gwada tare.

Anti Bilki: Ruwan wankin shinkafa fa? Su shuka zogale a gwangwani, su riƙa ba shi. Yaro in ya ce "nawa ne", ba ya bari a zubar.

Baban Ummi: Wata Asabar a kai su gadar Tamburawa, hanyar Zariya, su ga kogin da ake tace wa gari ruwa daga cikinsa. Dam ɗin Tiga, wanda ke kan kogin nan, tun 1974 aka gama shi, zamanin Audu Bako, ga shi har yau jarka muke bi. Wannan kuma ba laifin yara ba ne.

Maman Sadik: Af, na manta. In za ki tara ruwa, ki rufe duro da bokiti sosai, saboda ƙaramin da kuma sauro.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, kofin shayi nawa ne ke cika mudun?