Wolfefa mai zanen tangaran, za ta jure danshin Legas kuwa?

Maman Afnan

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Mun samu gida a Agege wajen Zango, ɗaki biyu da falo, ƙarshen wata za mu tare in sha Allah, to bangon falon ne bai min ba ko kaɗan, fentin duk ya koɗe. Jiya na shiga kasuwa a Ailan ɗin Legas wani mai shago ya buɗe min littafin samfurin wolfefa, takardar adon nan da ake liƙa wa bango, sai na ga wasu masu shuɗi da fari sak irin farantan tangaran da kakata take jerawa a kabet, wallahi har sai da na tuna ta. Wata an rubuta Delft a jiki, wata Iznik, wata kuma ya ce min Maroko ce. Na tambaye shi ma'anar sunayen ya ce shi dai haka suka zo a kwali. Mai Delft ɗin ta fi kwanta min amma akwai 'yan mutane da tsuntsaye a ciki, Baban Afnan kuma ya ce ba za a liƙa masa hoton mai rai a inda yake nafila ba. To wa ya san bambancinsu, kuma za ta jure damina a garin nan ko asarar kuɗi zan yi?

Malam na Idi-Araba

Wa alaikumus salam Maman Afnan, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Sunayen nan ba sunan kamfani ba ne, Delft da Iznik garuruwa ne da suka shahara da gina tangaran, masu wolfefa zanen kawai suka kwaso suka buga a takarda.

Asalin shuɗi da farin nan daga ƙasar Sin yake, wani gari Jingdezhen, tun wajen ƙarni na 14 suke yi, kuma abin mamaki shuɗin da kansa, wani ma'adini da ake kira kobal, da farko daga Farisa fatake suke kai musu shi. Da jiragen 'yan kasuwar Holan suka fara kwaso farantan zuwa Turai a farkon shekarun 1600 sai kowa ya haukace a kansu, ga tsada, shi ne magina tukwane na garin Delft da ke Holan suka ce bari mu yi namu. Ba su da irin farar ƙasar da Sinawa suke da ita, sai su gina da yumɓu su lulluɓe shi da farin ruwan da aka haɗa da kuza, irin kuzan Jos ɗin nan, sannan su zana shuɗi a kai. Da farko kwaikwayon zanen Sin suke yi, daga baya suka koma zana abin garinsu, jiragen ruwa, yara na wasa, manoma, shi ya sa kika ga 'yan mutane a ciki. Dama mutanen Holan sun saba da wannan sana'ar, atamfa 'yar Holan da iyayenmu mata ke ji da ita ma ai daga rinin batik na Indunusiya suka kwaikwayo.

Iznik kuma a Turkiyya take, zamanin Daular Usmaniyya ta yi tashe, musamman ƙarni na 16. Su furanni ne da ganye masu lanƙwasa, shuɗi da kore da wani ja mai kauri kamar tumatir. Babban masallacin Sultan Ahmad na Istanbul da aka fara ginawa a 1609, tayil ɗin Iznik sama da 20,000 ne a cikinsa, saboda su ma ake ce masa shuɗin masallaci. Na Maroko sunansa zallij, a Fas aka fi saninsa, shi ba zane ake yi a kan tayil ba, fasa tayil ɗin ake yi da guduma ƙanana-ƙanana a jera su fito da taurari da kusurwoyi, babu mai rai ko ɗaya. Don haka in dai maganar maigida ce, Iznik mai furanni ko zallij sun raba gardama. Ni da nawa ne Iznik zan ɗauka, zallij a takarda yana yawan fitowa kamar ledar tsakar ɗaki.

Sani Mai Gam

Hajiya ni sana'ata ce, shekara da shekaru ina liƙawa daga Obalende har Ikorodu. Tarihi na bar wa Malam, ni bango zan miki magana. Kafin ki biya ko sisi ki je gidan bayan an yi ruwan sama, ki dafa bangon da hannu, ki duba ƙasa-ƙasa wajen tayil ko fenti na kumbura yana zubar da farin gari kamar gishiri. In kin ga haka ruwa ne ke hawowa daga ƙasa, kina liƙa wolfefa wata biyu uku za ki ga baƙin fumfuna ya fito ta bakin haɗi, ɗaki ya riƙa warin laima. Mai roba-roba ɗin nan da ake cewa ruwa ba ya kama ta, gaskiya ne ana goge ta da tsumma, amma ita ce ta fi riƙe danshi a bayanta tunda bango ba ya shan iska. Bangon da ke jikin banɗaki ko wanda ruwan sama ke duka ta waje kar ki taɓa shi.

Shawarata bango ɗaya tak, na bayan kujeru ko na talabijin, sauran ki yi musu fenti fari ko ruwan madara. Zanen tangaran yana da hayaniya, in ya zagaye falo gaba ɗaya ido gajiya yake. A yi sikiridin tukuna, wato shafen da ke sa bango ya yi sumul, ya bushe sosai. Ƙaramin rol faɗinsa santimita 53 ne tsawo mita 10, to in bangonki mita 4 ne a faɗi tsayi mita 3, falle 8 ake buƙata, kowane rol falle 3 yake bayarwa, rol 3 ke nan, amma ki sayi 4 domin wajen haɗa fure da fure ana yanke da yawa a zubar. Kuma ki duba lambar da ke jikin ledar ta zama iri ɗaya duka, in ba haka ba shuɗin wani rol sai ya fi na wani duhu, ba za ki gane ba sai an kunna fitila. Na taɓa yi wa wata baiwar Allah aiki ta ƙi jin wannan, ƙarshe ni ta ɗora wa laifi.

Sannan ki tambayi lanlod, wasunsu ranar tashi sai su ce a ɓanɓare a mayar da fenti.

Ɗan Zazzau

Ni abin da ke ba ni haushi, sai mun tafi har Holan neman zanen bango alhali kakanninmu sun ƙware a kai. Ku je cikin birnin Zariya ko Gidan Makama a Kano ku ga dagi da sauran zanen da magina ke fitarwa da hannu tun laka na ɗanye. Masallacin Juma'a na Zariya Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi zamanin Sarki Abdulkarim, har yau masu karatun gini suna zuwa kallo. Kuma liƙa faranti a gini ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a tsofaffin soraye za ka ɗaga kai ka ga faranti a manne a tsakiyar ɗaurin guga. In tukwane ake so ga Ladi Kwali nan a bayan naira 20, wadda ta shiga makarantar gina tukwane ta wani Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954. To ita ƙadangaru da kunamu da kifi take zanawa, na san Baban Afnan ba zai yarda ba, amma layukan da take zagaye su da su kaɗai sun isa ado. Masu buga allunan talla a Shomolu in kin kai musu hoto mai kyau za su buga miki a takarda mai gam daidai awon bangonki.

Hajiya Babba

Ɗan Zazzau ka yi gaskiya amma ka bar yarinya ta sa abin da ranta ke so mana. Mu a zamaninmu jere shi ne wolfefarmu, tasa da langa da samira tun daga ƙasa har rufi, mata su shigo suna ƙirgawa da ido. 'Yata ki nemi farantan kakar taki ko guda biyar ne ki rataya a kan farin bango, na ga an yi a gidan wata jikata ya yi kyau ƙwarai, kuma su fumfuna ba ta cin su.

Maman Afnan

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na nuna wa maigida hoton masallacin nan ya ce a ɗauko Iznik ɗin. Hajiya farantan suna wajen gwaggona a Funtuwa, zan kira ta amma na san sai an sha fama kafin ta saki ko ɗaya. Malam Sani jiya da daddare an yi ruwa, da safe na je na dafa, bangon talabijin a bushe yake amma na jikin kicin ya yi sanyi kuma fentin ƙasan ya kumbura. Sikiridin ɗin kwana nawa zan bari kafin a liƙa?

Sani Mai Gam

Yanzu da damina ki ba shi sati guda taga a buɗe, in da wuta ki kunna masa fanka. Na jikin kicin kuma a fara nemo mai famfo ya duba bututu tukuna.