"Shiru-shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne": ta hau kan yaron da ba ya shiga wasa?

Malamar Aji Uku: Iyaye kan jawo wannan karin magana idan aka ce ɗansu yana raɓe bango in an tashi tara. A ganina ba muhallinta ba ne. Babba ake nufi, wanda ya iya faɗa amma ya zaɓi kame bakinsa. Yaron da ke son shiga langa ya rasa ta inda zai fara, wane zaɓi ya yi?

Kawu Na Bakin Kasuwa: Malama, a yi sassauci. Akwai yaro mai kunya da ke da aboki ɗaya ko biyu, kuma hankalinsa kwance. Wannan karin maganar ta dace da shi.

Mai Nazarin Halayyar Yara: Kawu, da gaskiyarka, amma yara iri biyu ake haɗawa a nan. A 1982 masu bincike John Coie da Kenneth Dodge da Heide Coppotelli a Amurka sun sa ɗalibai su ambaci yara uku da suka fi so da uku da ba su so. Wanda ba a cika ambatonsa ba ko ta wane ɓangare, an manta da shi ne kawai, kuma sau da yawa yakan sami abokai idan aji ya sauya. Wanda da yawa suka ce ba su so, shi ne abin damuwa, domin ƙin yakan bi shi shekara bayan shekara. Kuma yawancin irinsa ba masu shiru ba ne. An bangaje shi bisa kuskure, sai ya ɗauka da gangan ne, ya rama da duka. Ba ya jiran layinsa a carafke, an ci shi ya watsa duwatsun.

Malamar Aji Uku: Ga ma'auni mai sauƙi: dubi yadda yake shiga wasan da aka riga aka fara. Gwani yakan tsaya ya gane ƙa'ida, ya matso, ya kwaikwayi abin da ake yi. Mai matsala ko dai ya yi ta shawagi a gefe har a tashi, ko ya faɗo tsakiya yana cewa a sauya wasa.

Hajiya Ungozoma: Kafin a ce hali ne, a duba kunne. Yaron da kunnensa ke yawan zubar da ruwa ba ya kama magana cikin hayaniya. Mai in'ina kuma tsokana ce ke sa shi ja baya. Wanda ke surutu a gida amma ya fi wata guda bai furta kalma a makaranta ba, a kai shi asibiti.

Kawu Na Bakin Kasuwa: To, sai a tura shi dandali ya saba?

Mai Nazarin Halayyar Yara: A'a, Kawu, taro ya yi masa yawa. A gayyato yaro ɗaya mai haƙuri, a ba su aikin da sai da hannu biyu, kamar ƙera motar kara, a sallame su tun suna jin daɗi.