Jama'a me za mu ce wa fundraising da Hausa?

Salamu alaikum 'yan uwa, Hausar bakin kasuwa nake nema ba ta ƙamus ba. Ƙungiyar matasan garinmu nan ƙasar Ringim za ta fara haɗa kuɗin lauya saboda mutanen da ke zaman jiran shari'a a gidan yari, wasu da an yanke musu hukunci tun farko da tuni sun gama wa'adi sun dawo gona, to sakatarenmu ya rubuto takarda duk layi sai fundraising, na ce masa in aka karanta wannan a ƙofar dagaci ba mai sa hannu a aljihu. Kuma kar a ce min tara kuɗi, mai shago ma tara kuɗi yake.

Malamin firamare daga Taura: Gidauniya mana ƙanena, ai an daɗe da gama wannan. Kullum a rediyo kana jin an ƙaddamar da gidauniyar gina masallaci.

Mai tambaya: Yaya na yi tunaninta, amma gidauniya yanzu ta zama sunan ofis mai mota da ma'aikata, Gidauniyar Dangote, Gidauniyar Bill Gates, kana faɗa mutum zai ɗauka rabo aka zo yi ya miƙo hannu. In kuma ka ce ƙaddamarwa to an tafi rumfa da kujeru da babban mai ƙaddamarwa ya yi alƙawarin miliyan a lasifika, shekara ta zagayo ba a ga ko sisi ba. Namu na ɗari biyu ne da ɗari biyar da mai kawo kwanon gero a sayar.

Hajiya daga Bichi: Ku yaran nan kuna wahalar da kanku, karo-karo ne. Adashe zubi kake ka jira kwasarka. Biki kuma bashi ne, wadda ta kawo miki ranar sunanki sai kin rama mata har da ƙari. Karo-karo shi ne wanda kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa don wata matsala ta gari, famfo ya lalace ko za a kai mara lafiya Kano, kuma ba wanda zai zo gobe ya ce a ba shi nasa. Abin da mutum ɗaya ya bayar shi ne gudummawa, haɗuwar duka shi ne karo-karo.

Ɗalibi a Dutse: Hajiya ta gama magana wallahi, ya dace har da na intanet. Lokacin zanga-zangar EndSARS ta neman a rusa rundunar 'yan sandan SARS a Oktoban 2020 ƙungiyar matan nan Feminist Coalition ta haɗa sama da naira miliyan 147 daga hannun jama'a, da shi aka riƙa biyan lauyoyi da asibiti da abinci, da aka fara matsa wa asusun banki suka koma karɓa da Bitcoin, daga baya ma Babban Banki ya samo umarnin kotu aka rufe asusu 20 na masu hannu a zanga-zangar. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ma da aka kafa a Landan a 1961 yawancin kuɗinta daga mambobi da ɗaiɗaikun mutane yake fitowa. Duk karo-karo ne, girma ne ya bambanta.

Wani daga Garki: Ku sa sadaka ko fisabilillahi kawai, mutane sun fi saurin bayarwa.

Mai tambaya: Sun fi sauri kam, amma wanda ke tsare ba bara yake ba, haƙƙinsa ne a kai shi gaban alƙali, kuma muna da maƙwabta Kiristoci da za su bayar.

Malam daga ƙasar Gumel: Ni ban yarda a ba su kalmarmu ba. Waɗannan masu cewa kare haƙƙin ɗan Adam da shi suke fakewa, a tara kuɗi a Turai a ce za a kare masu neman jinsi, wasu har su ce Musulmi ne masu sabon fahimta. Ku bar musu Turancinsu, ko ku ce barar 'yan boko, karo-karo kuma a bar wa aikin alheri.

Mai tambaya: Allah gafarta Malam, akwai su kam, ba ɓoyayye ba ne. Akwai Muslims for Progressive Values da aka kafa a Amurka a 2007, suna goyon bayan limancin mata da haƙƙin masu neman jinsi, kuma suna karɓar gudummawa a fili. Amma Malam in mai karanta labarai zai faɗa mana abin da suka yi dole ya samu kalmar da mai sauraro zai gane cewa mutane ne da yawa suka haɗa kuɗi, yarda da su ko ƙin yarda wannan hira ce ta daban da za a yi bayan an gane. In muka ƙirƙiro kalmar zagi muka ajiye don wanda ba mu so, gobe mutumin da ba ya son mu ɗaukar wa wanda ya sa aka kulle lauya shi ma da ita zai kira namu, ya ce barar 'yan boko muke, tunda mu ma kare haƙƙi muka ce.

Ɗalibi a Dutse: Kuma akwai doka a ciki, shi ya sa ni nake ganin kar a taɓa barin kalmar ita kaɗai. Dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 shekara 14 ta yanka wa masu auren, shekara 10 ga wanda ya tallafa wa ƙungiyoyinsu, ga kuma dokokin shari'a da Kano da Jigawa ke kai tun 2000. Wato wanda ya tura dubu ɗaya bai san inda za ta ba zai iya jawo wa kansa magana. Ta ɗaya gefen kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma yana da damar ɗaukar lauya ko da mene ne ake zarginsa. To a riƙa faɗin karo-karon mene ne, kowa ya san abin da ya sa kuɗinsa.

Mai tambaya: To an tsaya a nan kenan. Aikin kansa karo-karo, namu karo-karon neman haƙƙi, wanda ake yi ta tura kuɗi a asusu karo-karon waya, gidauniya a bar wa masu ofis.

Malam daga ƙasar Gumel: Ni dai har yanzu raina bai kwanta ba, amma na lauyan fursunoni ku turo lambar asusu, zan sanar bayan sallar Juma'a.

Hajiya daga Bichi: Saura mai riƙe kuɗin, tunda akwai uwar adashe to ku naɗa uwar karo-karo, kuma ku ba mace, ta riƙa karanto muku abin da ya shigo da abin da ya fita duk ranar kasuwa.