Kyautar littafin tarihin Zazzau: na Hausa kaɗai za a ba?

Malamin Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar da muka fara ta kafa kyautar shekara-shekara ga littafin da ya fi fice kan tarihin Zariya, ni sharaɗina guda ne: a ba littafin da aka rubuta da Hausa kaɗai. Tarihinmu ne, amma kakata ba za ta iya saurarensa ba sai da tafinta.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, da wannan sharaɗi kun zubar da mafi yawan aikin da aka yi. Littafin M. G. Smith na 1960 kan mulkin Zazzau daga 1800 zuwa 1950, har yau duk mai son fahimtar yadda sarauta ke zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa sai ya buɗe shi. Ga kundayen digiri jibge a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, kusan duk da Turanci.

Malamin Tudun Wada: Ai ka kama mini hujjata. Jibge suke, wa ke karanta su a Kwarbai ko Anguwan Juma? A garin nan aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Da ba a ce da Hausa ba, da ba mu same su. Garin da ya fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 shi ne zai rasa tarihinsa da harshensa?

Hajiya ta Ƙofar Doka: Ku dakata, 'ya'yana. Ina za ku sa Baba ta Karo? Tsohuwa ce ta zauna ta ba matar Smith labarin rayuwarta da Hausa, aure da bauta da kasuwa da harin bayi, amma da Turanci littafin ya fito a 1954. Na Hausa ne ko na Turawa? Abin da ke ci mini rai, ba harshe ba ne. Kullum jerin sarakuna da yaƙi. Sarauniya Amina kaɗai ce mace da ake tunawa. Masu rini da majema da magina fa? Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarim, shafi nawa aka ba shi?

Ɗan Samaru: Gaskiya ne, Mama. Ƙari kuma, rabin labarin yana Suleja. Can zuriyar sarakunan Haɓe suka kafa Abuja ta asali, wato Suleja ta yau, a 1828 bayan Makau, sarkin Haɓe na ƙarshe a Zariya, ya bar gari. Alƙalan kyautar za su yarda da littafin da ya zo da riwayar can?

Malamin Tudun Wada: In dai da hujja, dole su yarda. Na sassauta kaɗan: na Turanci ya shiga, amma kuɗin kyautar a kashe su wajen mayar da shi Hausa.

Ɗan Samaru: Marubuci ya sha wahalar shekaru, a ba mai fassara ladar? Ban yarda ba, Malam.

Hajiya ta Ƙofar Doka: Ni tambayata ba a amsa ba. Mahaifina ya bar takardun ajami a gafaka, ciki har da sunayen malaman unguwarmu, gara ta fara cin gefensu. Wanda zai zo ya kwafe su, yana cikin waɗanda za ku karrama?