Sitires: "damuwa" ta yi mata yawa, to me za mu kira ta?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina cikin mayar da wani bayanin lafiya zuwa Hausa, a kan ko shan shayi yana rage abin da Turawa ke kira sitires, sai alƙalami ya cije. Na rubuta "damuwa" na goge har sau uku.

2/ Laifin "damuwa" shi ne ta cika kwasar kaya. Wanda aka yi wa rasuwa yana cikin damuwa. Mai zullumin sakamakon jarrabawa yana cikin damuwa. Ciwon nan da ke hana mutum ci da barci da sha'awar komai na tsawon watanni, shi ma "ciwon damuwa" muke ce masa. In na rubuta cewa shayi yana rage damuwa, mai wannan ciwo yana iya ajiye maganin da likita ya ba shi ya rungumi buta. Alhakinsa kuma a wuyana.

3/ Sai na koma tushen kalmar. Wanda ya yaɗa ta a fagen likitanci shi ne Hans Selye, haifaffen birnin Biyana na ƙasar Ostiriya da ya yi aiki a Jami'ar McGill ta Kanada. A 1936 ya wallafa cewa ɓerayen gwajinsa, ko sanyi aka gana musu, ko rauni, ko guba, jikinsu amsa iri ɗaya yake bayarwa. Kalmar kuwa tsohuwa ce a bakin injiniyoyi, masu auna nauyin da ƙarfe zai iya ɗauka kafin ya lanƙwashe. An ruwaito cewa daga baya shi kansa ya ce ya yi tuntuɓe wajen zaɓen ta, domin ta haɗa abin da ke danna mutum da yadda jiki ke amsawa. Dole ta sa ya ƙirƙiro wata kalmar daban don abin da ke dannawar. Ashe su ma masu abin ba su zauna daidai ba.

4/ Abin da ke faruwa a jiki ke nan: ƙwaƙwalwa ta hango barazana, sai wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda su sako sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, sukari ya hau a jini, narkar da abinci ta dakata, kafaɗu su sandare. Jiki ya shirya faɗa ko gudu. Wannan ba baƙin ciki ba ne. Ango ma yana jin sa ranar aurensa.

5/ Na aika wa abokan aiki tambaya, amsoshi suka yi ta zuwa. Wani ya ce "gajiya". A'a, gajiya 'ya ce, ba uwa ba, bayan abin ya daɗe take zuwa. Wata ta ce "tashin hankali", amma a kanun labari mai karatu zai zaci tarzoma aka yi. "Firgici" na ɗan lokaci ne. "Ƙunci" na zuciya ne, ba a auna shi a yawu ko jini. Wani yayana ya kafe a kan "matsin lamba". Na ce masa, Yaya, ka kamo rabi: matsin lamba daga waje yake zuwa, shi ne maigidan da ke jiran aiki ƙarfe takwas. Ina sunan abin da cikinka ke yi ƙarfe bakwai da rabi?

6/ Ga tawa shawarar. Abin da ke danna mutum mu bar shi "matsi". Amsar da jiki ke bayarwa mu kira ta "ɗamarar jiki". Ai ɗamara ba cuta ba ce, shiri ce. Ana ɗaura ta in aiki ya taso, a kwance ta in an gama. Cutar tana ga wanda ya kasa kwancewa, yake kwana da ita ya tashi da ita har ta ci masa ƙugu. Wannan sai mu ce "kwana da ɗamara".

7/ Bari mu gwada ta a kan binciken shayin, a nan ne za a ga ko ta iya aiki. A Kwalejin Jami'ar Landan, Andrew Steptoe da abokan aikinsa sun ɗebi maza 75 masu shan shayi, suka raba su biyu na mako 6. Rabi ana ba su wani abin sha mai ɗanɗanon 'ya'yan itace da aka zuba wa sinadaran baƙin shayi, sau 4 a rana. Rabi kuma na boge, kamanni ɗaya, kafeyin daidai wa daida, amma babu sauran sinadaran shayin. (Na rubuta "kafeyin" da gangan. In ka rubuta "kafin", Bahaushe zai tsaya yana jiran ya ji kafin me.) Daga nan aka tsayar da kowa gaban kyamara, aka ce misali an zarge ka da sata a kanti, ko za a sallame ka daga aiki, kare kanka.

Duka ɓangarorin biyu zuciya ta buga, jini ya hau, babu wani bambanci. Bambancin ya fito ne minti 50 bayan an gama: kotisol na masu shayin gaske ya sauka da kashi 47 cikin 100, na masu na boge da kashi 27.

8/ To fassara wannan da "damuwa" mu gani. "Shayi ya rage damuwa": ƙarya. "Shayi bai rage damuwa ba": ita ma ƙarya. Amma ka ce shayi bai hana jiki ɗaura ɗamara ba, ya dai taimaka masa saurin kwance ta, ka faɗi abin da aka gano, ba ƙari ba ragi.

9/ Yawancin abin da muke kira saɓanin masana, irin wannan ne: ba abu ɗaya suka auna ba. Akwai sinadarin tiyanin da aka gano a ganyen shayi a Japan a 1949, wanda ake yi wa kirarin sanya natsuwa. Gwaje-gwajen da suka yaba shi sukan ba mutum miligiram 200 a ƙwaya, kofin shayi kuwa da wuya ya wuce 25. A 2011 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta duba hujjojin ta ce ba su kai a rubuta wannan iƙirari a jikin kwali ba. A gefe guda, kafeyin da ke cikin kofin nan shi kansa yana iya ɗaga kotisol, musamman ga wanda bai saba ba. Kofi ɗaya, mai ɗaurewa da mai kwancewa suna ciki.

Binciken Landan ɗin ma, maza ne zalla, kuma kamfanin Unilever, mai shayin Lipton a lokacin, yana cikin waɗanda suka ba da kuɗi. Wannan bai mai da shi ƙarya ba, amma ni dai nakan so in san wanda ya sayi takardar da aka yi rubutun.

10/ Sai kuma manyan bincike masu ƙirga jama'a. A 2022 an duba mutum kusan 500,000 a Birtaniya, aka ga masu shan shayi kofi 2 ko fiye a rana haɗarin mutuwarsu a shekarun da aka bi su ya gaza na waɗanda ba sa sha da kashi 9 zuwa 13 cikin 100. Tafiya tare ce aka gani, ba a kama shayi da hannu yana aikin ba. Mai samun sararin zama ya jira ruwa ya tafasa, wataƙila dama rayuwarsa da sauƙi. A 2013 wasu masu bincike biyu, Schoenfeld da Ioannidis, sun tsinci kayan girki 50 daga wani littafin girke-girke, suka tarar 40 an taɓa danganta su da sankara, wasu an ce suna jawo ta, wasu an ce suna kare ta, da yawa kuma an faɗi duka biyun a kansu.

11/ Na san inda za a kama ni. Wata malamata ta riga ta ce, "Kai, in ka ce ɗamara, mutane 'yan sanda da soja za su tuna." Gaskiyarta, "masu ɗamara" ta zauna a baki. Amma da zarar an jingina ta da jiki, ban ga mai ruɗewa ba. Na karanta wa mutum huɗu jimlar nan ba tare da wani bayani ba: "Wata uku ke nan yana kwana da ɗamara saboda matsin aiki." Uku sun gane nan take. Na huɗun ya tambaye ni ko mai gadi ne.

12/ Uku cikin huɗu, da ita zan miƙa aikin ranar Litinin, sai in wani ya kawo wadda ta fi ta kafin nan.