Hayaƙin da ake yi a wurin aikina, in zauna ko in fita?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure. Ina Winnipeg a Kanada. Aikin jinya na karanta a gida, maigidana ne ya fara zuwa karatu na biyo shi da yara, lasisina bai fito ba har yanzu, ga kuɗin haya, shi ne na karɓi aiki a wata cibiyar masu fama da shaye-shaye. Yawancinsu 'yan asalin ƙasar ne, ƙabilun Cree da Ojibwe. Kullum da safe ana zama a kewaye, wata dattijuwa ta kunna busasshen ganye tana kaɗa hayaƙin da gashin gaggafa, kowa ya ɗebo da hannu ya shafa a fuska da ƙirji. Ni sai in koma bakin ƙofa. Jiya wata yarinya ta ce min, "Ke ma ƙyamarmu kike?" Wallahi ban runtsa ba.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ba sai an ja zance ba. Addu'a suke yi da hayaƙin nan, ibadarsu ce. Ki ajiye aikin, Allah zai musanya miki.

Maman Hanifa: Malam, ai ban ce zan shafa ba. Amma ka san abin da aka yi musu? Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa, ana dukansu in sun yi yarensu, kuma sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshe. Dattijuwar nan a can ta tashi. Jikokin waɗannan ne nake ba magani.

Anti Bilki: Ni maganar yare ce ta taɓa ni. Nan Ingila ba wanda ya doke mu, amma 'ya'yana ko gaisuwa ba sa iya yi da kakarsu a waya. Babansu ne ya ce Turanci kawai a gida. Na yi magana har na gaji.

Baban Ummi: Ƙanwata, ba turaren wuta ba ne da za a ce ƙamshi kawai, gaskiyar Malam ce a nan. Amma su kansu ba sa tilasta wa kowa. Ki zauna cikinsu, in an zo kanki ki ɗora hannu a ƙirji a wuce. Al'adar tana musu aiki: wani bincike na 1998 a lardin British Columbia na Kanada ya nuna al'ummominsu da suka riƙe al'adunsu da ragamar makarantunsu, matasansu ba sa kashe kansu kamar sauran. Hukumar gaskiya da sulhu ta Kanada, wadda ta binciki makarantun kwanan nan, ita ma cikin shawarwari 94 da ta bayar a 2015, ta ce asibitoci su mutunta hanyoyinsu na warkarwa.

Abu Sadik: Bincike ba fatawa ba ne. Zama a wurin ma yarda ce. Yau hannu a ƙirji, gobe kuma me? Ki tambayi limaminku.

Maman Hanifa: Limamin namu ba ya ɗaukar waya. Kuma Malam, Ingila ko Kano kake? Ba a ajiye aiki haka nan a nan. Baban Ummi, idan na zauna hayaƙin zai taɓa hijabina ko ban so ba. Ranar Litinin kuma ni aka sa in jera kujerun.

Anti Bilki: Maigidanki me ya ce?