Teburi na uku, ko in bar lambobin a kolam ɗaya?

Ɗankoyo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina riƙe da manhajar rajistar ɗalibai ta Android, da yaren Kotlin da Room (laburaren da ke ajiye bayanai a databes ɗin SQLite na cikin waya), kuma tuni ta shiga hannun mutane. Ɗalibi ɗaya yana ɗaukar darussa da yawa, darasi ɗaya ma ɗalibai da yawa ke cikinsa. A yanzu lambobin darussan suna zube a kolam ɗaya cikin teburin ɗalibi, kamar "3,7,12". Mai aikin ya ce yana son ganin ranar da kowane ɗalibi ya shiga kowane darasi da makin da ya ci, kuma dole ta yi aiki ko ba intanet, in an samu sai ta daidaita da saba. In gina teburi na uku a tsakani, ko in mayar da kolam ɗin JSON, wato rubutu ɗaya mai ɗauke da duk bayanan, in wuce? Tsorona bayanan da ke wayoyin mutane ne.

Ummi_Flutter: Wa alaikumus salam. Ka dawo Flutter kawai, Drift, laburarenmu na databes, ta raba ni da wannan ciwon kan.

Kawu_iOS: Mu a Core Data, takwarar Room a iPhone, sai ka ce wa ɓangarorin biyu kowanne yana da da yawa, ka haɗa su, ita za ta gina teburin tsakiyar da kanta. Ko ganinsa ba ka yi.

Malam_Join: Kawu, yaron ya ce Android. Kuma wannan teburin da ba ka gani, ina za ka sa maki a cikinsa? Ɗankoyo, gwada neman 'yan darasi na 1 da LIKE '%1%' a kolam ɗinka, za ka ga 'yan 12 da 21 sun biyo. Gina teburin Rajista: lambar ɗalibi, lambar darasi, rana, maki. Lambobin biyu tare su ne primaryKeys, wato makullin teburin, don kada a yi wa mutum rajista sau biyu a darasi ɗaya. Sa indeks daban a lambar darasi, domin wanda makullin ya zo da shi an jera shi ne bisa kolam na farko. In ka nemi ɗaliban darasi, SQLite sai ta bi teburin kaf. Room ma tana yin gargaɗin haka, mutane ne ba sa karantawa. @Junction, mai haɗa tebura biyu ta teburin tsakiya, yana nan tun Room 2.2 a 2019, ka ɗora @Transaction a kai tunda tambaya fiye da ɗaya take yi. Sai dai @Junction ba zai kawo maka rana da maki ba, wannan JOIN za ka rubuta da hannunka. Aikin rabin yini ne.

Tsohon_Hannu: Rabin yini! Allah Ya ba mu irin naku. Ƙanina, teburi na uku shi ya raba ni da aiki. Mun yi shi tsaf yadda Malam ya zayyana, da ForeignKey mai ɗaure layi da ubansa a wani teburi, da CASCADE mai goge layin in an goge uban, manhajar ma'aikatan da ke shiga wuraren da ba sabis ce, kowane ma'aikaci da ayyukan da aka ɗora masa. Wani abokin aiki ya rubuta ɓangaren sauko da bayanai daga saba, ya sa OnConflictStrategy.REPLACE. Duk sanda wayar ta kama intanet aka sabunta sunayen ma'aikata, sai teburin tsakiya ya wayi gari fayau. Manhaja ba ta faɗi ba, ba ta yi kuka ba. Sunaye suna nan, ayyuka suna nan, amma ba wanda ke da aiki ko ɗaya. Abin da mutane suka shigar ba intanet, wanda bai kai saba ba, ya tafi ke nan. Aka kira taro, wanda ya rubuta layin yana zaune yana danna waya, oga ya juyo ya ce ai ni na tsara databes. Kwantiragin bai ƙara wata ba. Tun daga nan JSON nake zubawa a kolam, in kwana lafiya.

Hajiya_Kotlin: Allah Ya mayar da alheri, Yaya. Amma teburin bai ci amanarka ba. REPLACE goge layin take yi ta sa sabo, CASCADE kuwa ya ga an goge uba sai ya kwashe 'ya'yan. @Upsert na Room 2.5, mai sabunta layi ba tare da goge shi ba, ya magance wannan.

Tsohon_Hannu: Lokacin babu @Upsert, Hajiya.

Hajiya_Kotlin: Akwai IGNORE sannan @Update. Haka muke yi kafin nan.

Tsohon_Hannu: Faɗi da baki ba wuya. Wanda bai taɓa tsayawa gaban oga bayanai sun ɓace ba, ya yi hankali da ba wa yaro shawara. Ina wannan harkar tun ana rubuta SQLiteOpenHelper da hannu, kafin Room ta fito a 2017.

Malam_Join: Daɗewa ba hujja ba ce, ranka ya daɗe. Da JSON ɗinka, in aka goge darasi wa zai bi ɗalibai ɗaya bayan ɗaya yana cire lambarsa? In wayoyi biyu suka taɓa ɗalibi ɗaya ba intanet, wannan ta ƙara darasi waccan ta sa maki, kolam guda ne, ta ƙarshe za ta danne ta farko.

Tsohon_Hannu: Kai ai ɗan saba ne, Postgres ka sani. Waya daban take. A SQLite ma ForeignKey a kashe yake zuwa sai an kunna.

Hajiya_Kotlin: Room tana kunnawa da kanta, shi ya sa ma CASCADE ɗin ya yi maka aiki.

Sarkin_Kwaro: Ɗankoyo, rabu da su. Sa fallbackToDestructiveMigration, duk ɗalibanka su kammala karatu rana ɗaya 😂

Ɗankoyo: Oga, wannan ɗin yana kwashe bayanan ya mayar da su sabon teburi ne?

Hajiya_Kotlin: A'a! Wasa yake. Goge komai yake yi. Kada ka kusance shi. Kuma maganar rabin yini ban yarda ba, ka ce wa mai aikin sati biyu. AutoMigration ba zai fasa maka "3,7,12" ba. Migration, wato ƙaurar bayanai, za ka rubuta, ka karanta ɗalibai layi-layi, ka raba lambobin a waƙafi, ka zuba a Rajista. A nan za ka ci karo da datti: "3,,7", da "7,7", da lambar darasin da aka goge tuntuni tana nan zaune. Tace su kafin ka zuba. Ranar rajistar tsofaffi ba ka da ita, bar kolam ɗin ya karɓi NULL, kada ka ƙirƙiro musu rana. Cire tsohon kolam ma aiki ne, DROP COLUMN sai a SQLite 3.35 na 2021 ya zo, kuma kowace waya da SQLite ɗin da ta zo da shi take aiki. Sai ka gina sabon teburi, ka kwafe, ka goge tsohon, ka sauya suna. Gwada da MigrationTestHelper, daga kowace tsohuwar siga, tunda akwai masu tsallake sabuntawa.

Kawu_iOS: Sati biyu ya yi yawa. Kwana uku.

Ummi_Flutter: Kawu da bai taɓa buɗe Android Studio ba yana yanka kwanaki.

Baƙo_Mai_Wucewa: Ba wanda ya taɓo daidaitawa da saba. In lambobinka autoGenerate ne, wayoyi biyu za su haifi ɗalibi na 41 kowacce da nata. UUID za ka koma, doguwar lambar da kusan ba ta karo da wata. Cire ɗalibi daga darasi kuma kada ka goge layin nan take, sa masa alamar an cire har saba ta ji, in ba haka ba zai dawo da safe.

Ɗankoyo: Na gode. To in koma UUID a wannan ƙaurar ɗaya, ko in raba su biyu?

Sarkin_Kwaro: Da Realm, wata databes ta waya, ka fara da duk wannan bai taso ba. Jerin abubuwa kawai, ba JOIN.

Malam_Join: Realm ɗin da MongoDB ta saya a 2019, ta zo a Satumba 2024 ta ce ta janye daga Device Sync, tsarinta na daidaitawa da saba? Je ka tambayi waɗanda suka ɗora manhajarsu a kai.

Ummi_Flutter: Mu 'yan Flutter ma mun sha. Ka zaɓi laburare yau kowa na yabo, baɗi ka tarar mai shi ya yi shiru.

Tsohon_Hannu: Ni duk ba wannan ke ci mini rai ba. Ka kwana kana gyaran databes, mai aiki ya buɗe manhaja ya ga fuskarta ba ta canza ba, ya ce me ka yi? Amma sauya launin maɓalli, har godiya zai kira ya yi.

Hajiya_Kotlin: Wallahi. Nawa cewa ya yi in cire "ƙaurar bayanai" daga jerin ayyukan, wai ba ita ya nema ba, maki kawai ya ce a ƙara.

Kawu_iOS: Kin cire?

Hajiya_Kotlin: Na sauya mata suna zuwa "shafin maki, kashi na ɗaya". Ya sa hannu.